Ɗakin Sama, Ƙofa Ɗaya, Taga Mai Ƙarfe

 

Wanda ya daɗe rabonsa da hanyar Sakkwato zuwa Jega, in ya biyo ta yanzu ya tsaya Tambuwal, ko ya ratse ya shiga Sanyinna, ko ya nausa Kebbe, zai lura gini ya soma ɗaga kai. Har gobe mafi yawanmu a ƙasa muke kwana, cikin ɗakin laka ko na bulo mai rufin kwano. Amma ga ɗan kasuwa ya zuba dakin a kan shagunansa na bakin titi ya ɗora ɗakuna, ga ma'aikaci ya dawo gida da kuɗin sallama ya tayar da bene, ga Islamiyya fili ya ƙare mata ta hau sama. Abin farin ciki ne, Allah Ya ƙara arziki. Sai dai akwai tambayar da nake so duk mai bene, da mai haya a bene, da wanda 'yarsa ke aure a bene, ya amsa wa kansa kafin ya kwanta yau. In wuta ta tashi a ƙasa da tsakar dare, mutanen sama ta ina za su sauko?

Mu zagaya gidan tare, yadda ake rufe shi bayan sallar isha'i. Maigida ya tura babur cikin lungun da ke ƙarƙashin matakala, don nan ne hannun ɓarawo ba ya kaiwa. Kusa da babur akwai janareto, kusa da janareto akwai jarka biyu ta fetur, ɗaya ta janareton, ɗaya ta injin ban ruwa da za a kai fadama da asuba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya zama dukiya, dukiya kuwa ba a barin ta ta kwana waje. A gindin matakala akwai ƙofar ƙarfe, an ja sakata sama da ƙasa, an ɗana kwaɗo. Makulli yana aljihun rigar maigida, rigar tana rataye a turaka. A sama uwargida ce da yara, wataƙila da tsohuwa da aka kawo jinya. Kowace taga an dasa mata ƙarfe cikin siminti tun ranar da ake gini, baranda ma an kewaye ta da ƙarfe har rufi. Gida ya rufu ruf. Na waje ba shi da ta shiga, na ciki kuma hanyarsu ɗaya ce tak, kuma ta kan fetur ta bi.

Ba na ganin laifin mai wannan gida, ba kuma zan ce wa mutumin Kebbe ko na Tambuwal ya ɓalle ƙarfen tagarsa ba. Tsoron ɓarayi da na 'yan bindiga ba tatsuniya ba ce a yankin nan, kowa ya san abin da ya sa ake kulle-kulle. Ranar da mai walda ya gama aiki, abin da yake alfahari da shi ke nan: "Alhaji, wanga ƙarhe ko giwa ba ta ɓalle shi." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da aka biya shi ya yi ke nan. Amma ƙarfen da giwa ba ta iya ɓallewa, mace mai goyo ma ba za ta iya ba, a cikin duhu, hayaƙi na shiga mata ido. Mun mayar da ɗakin kwanan iyalinmu akurkin ƙarfe da kyakkyawar niyya.

Mutane da yawa suna zaton harshen wuta ne ke kisa. A gobarar cikin gida, mafi yawan waɗanda ke rasuwa hayaƙi ne ke gamawa da su tun wuta ba ta taɓa jikinsu ba. Hayaƙi sama yake yi, matakala kuwa ita ce buɗaɗɗiyar hanyarsa. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta tayar da mai barci, sai ma ta ƙara nutsar da shi. Ita ce dai ke kashe iyali idan suka kwana da kaskon garwashi ko janareto a rufaffen ɗaki. Katifar soso da kujerun kushin in sun kama suna ƙara wata gubar mai suna sayanaid. Ga silin roba da ake yayi yanzu, wanda ke narkewa ya zubo, hayaƙinsa na ƙona maƙogwaro. Wata cibiyar gwajin kayayyaki a Amurka, Underwriters Laboratories, ta shirya ɗakuna biyu ta cinna musu wuta: ɗaya da kayan da, na katako da auduga, ɗaya da kayan zamani na soso da roba. Na kayan da ya kai kusan minti 30 kafin ɗakin ya kama baki ɗaya. Na zamani bai cika minti 4 ba. Ku tuna irin jeren da muke yi wa amarya a yau, za ku gane wanne ne ɗakinmu a cikin biyun.

Ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen watan Nuwamban 2015 wuta ta kama ɗakin kwanan ɗalibai da dare a makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, yara bakwai suka rasu. A watan Fabrairun 2025, a Ƙauran Namoda nan maƙwabciyarmu Zamfara, almajirai 17 suka rasu a gobarar dare. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri. Can a Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, wuta ta tashi daga firij a wani gida cikin benen Grenfell mai hawa 24, mutum 72 suka mutu. Matakala ɗaya benen yake da ita, hayaƙi ya cika ta.

Wani zai ce ai akwai 'yan kwana-kwana. Akwai su, kuma suna sayar da rai a aikinsu. Amma mu yi lissafi. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021 a tsakiyar babban birnin jiha ta tashi, inda motoci da ma'aikata suka fi kusa, duk da haka ta yi sa'o'i tana ci. Tsakanin Sakkwato da Tambuwal kimanin kilomita 100 ne. Ko da a ce daga Tambuwal ɗin motar za ta taso, kafin a kira, a ɗauka, a kama hanyar Sanyinna ko ta Kebbe, minti 4 ɗin nan sun wuce sun sake wucewa. A kira su, lallai a kira su, lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Za su iya ceton gini da gidajen maƙwabta. Ceton mutanen da ke ɗakin sama kuwa, a hannun mutanen gidan yake da waɗanda suka ji ihunsu.

To, a nan ne maganar tsani ta shigo. Sai dai kafin mu kai ga tsani, a fara da taga, domin tsanin da ke jingine a bayan dasasshen ƙarfe bai ceci kowa ba. Kowane ɗakin kwana na sama yana bukatar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Ba duka tagogi ba, guda ɗaya. Ka kira mai walda ya yanke ƙarfen wannan tagar, ya yi masa firam, ya mayar da shi mai buɗewa waje. A dokar ginin gidaje ta Amurka, tagar tsira ba ta gaza inci 20 a faɗi da inci 24 a tsawo ba, bakinta bai wuce inci 44 daga daɓen ɗaki ba, kuma in an sa mata ƙarfe dole ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Mu da muke lissafi da ƙafa, ka ce wa mai walda kana son kafa mai faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 3, ko fiye. Ka lura da tagar alminiyom mai zamewa gefe: rabinta kawai ke buɗewa, don haka rabin nan za ka auna, ba tagar gaba ɗaya ba. In kuwa mai jerin gilasai ce a kwance, irin wadda ake karkatawa, a canza ta, don babu mai lokacin zare gilashi ɗaya bayan ɗaya cikin hayaƙi.

Na san abin da ke ran maigida: ƙarfen da ke buɗewa ai ƙofa ce aka yi wa ɓarawo. Ba haka ba ne in an yi aikin da hankali. Sakata za a sa daga ciki, a lulluɓe wurinta da farantin ƙarfe mai faɗi yadda hannun da aka zuro daga waje ba zai kai gare ta ba. A ɗaga ta yadda ɗan shekara uku ba zai iya ja ba, amma ɗan shekara goma zai iya. Wanda hankalinsa bai kwanta ba sai da kwaɗo, to ya sa, amma da sharaɗi: makullin ya zauna a ɗakin, rataye a ƙusa, ɗaure da zare, nesa da inda hannun na waje zai kai, kuma kowa a ɗakin ya iya lalubo shi ido rufe. Kada ya shiga cikin damin makullan maigida. Maigida yana tafiya kasuwar wani gari, yana kwana a ɗakin wata matar, yana fita sallar asuba.

Wace taga za a zaɓa? Wadda ba ta kan kicin, ba ta kan ɗakin janareto, ba ta kan shagon da ake ajiye mai ko katifu, domin in wuta tana fitowa ta tagar ƙasa, ba a saukowa ta gabanta. Wadda wayar lantarki ba ta gitta ba. Ka leƙa ƙasa ka ga inda ƙafa za ta sauka: kada ya zama bakin rijiya, ko murfin masai, ko turken dabbobi, ko katangar da aka dasa wa fasassun kwalabe. Tagar da ke kallon tsakar gida ta fi, don tana cikin katanga, ta rage fargabar ɓarawo. In akwai rufin siminti na wani ɗaki a ƙarƙashin tagar, ka yi sa'a, ka raba tsawon gida biyu.

Yanzu tsanin. Tsani ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Da shi ake hawa rumbu, da shi ake yaɓen soro kafin damina, da shi ake gyara indararo da ɗora harawa. Amma tsanin gidanmu ɗan yawo ne. Yau yana gidan maƙwabci, gobe magini ya are shi, jibi ba wanda ya san inda ya kwana. Gara tana cin ƙafarsa, ƙusa tana saki, kuma galibi bai kai tagar bene ba. Sannan yana ƙasa, masu bukatarsa suna sama, sai an sami wanda ya farka ya ɗauko ya jingina. Yana da amfani a matsayin taimakon maƙwabta, amma ba shi ne za a dogara da shi ba. In shi kaɗai ne ƙarfinka ya kai, to a yi shi da busasshen itace marar tsaga, a sassaƙa wa kowane mataki gurbi a jikin dogayen sandunan kafin a buga ƙusa, tsawonsa ya zarce bakin taga da kamar mita ɗaya, a rataye shi a bango daidai ƙarƙashin tagar, kuma a yanke hukunci ba a aron sa ko wa ya zo. Wajen jinginawa, in tsawon ya kai mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita ɗaya.

Akwai na kanti mai naɗewa, wanda ake shigowa da shi daga waje, kamfanoni irin su Kidde da First Alert suna yin sa. Ƙugiya biyu ce ta ƙarfe da ake maƙalawa a bakin taga, sai matakai na ƙarfe da ɗamara ko sarƙa ta riƙe, ka sake shi ya warware har ƙasa. Yana shiga ƙarƙashin gado, ɓarawo ba ya ganin sa, ɗan haya yana tashi da abinsa. Wanda zai aika a sayo masa daga Kano ko Abuja, ko ya saya ta intanet, kada ya biya sai ya yi awo biyu. Na farko tsawo. Ka ɗaura dutse a igiya ka zura daga bakin taga har ƙasa, ka auna igiyar. Ana sayar da mai ƙafa 13, wato kusan mita 4, da mai ƙafa 25, wato mita 7 da rabi. Wanda suka rubuta wa hawa biyu shi ne na benenmu mai hawa ɗaya, don su har da ƙasa suke ƙirgawa. Gidajenmu kuma ana ɗaga musu fandisho saboda ruwa, rufinsu yana da tsawo saboda zafi, don haka mai ƙafa 13 yakan gaza. Awo na biyu shi ne kaurin bango a bakin taga. An ƙera ƙugiyar ne don bangon ƙasashen da aka yi ta. Bulo mai inci 9 in aka yi masa filasta ciki da waje, aka ƙara dakalin taga, yana iya fin bakin ƙugiyar, bangon laka kuwa ba a magana. Ƙugiyar da ba ta zauna daram ba, ba a ɗora mata rai.

A duba kuma ko bayan kowane mataki akwai 'yan ƙafafu da ke tokare bango. Su ne ke ba yatsun ƙafa wurin shiga. In babu su, tsanin manne wa bango yake, mutum ya rasa inda zai taka. A duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka. Nagari sukan kai kilo 450. A duba ko an rubuta sau ɗaya ake amfani da shi, domin wasu haka suke, in an warware su ba sa komawa yadda masana'anta ta naɗe su. Sannan mu tuna ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ɓera kuma yana son ɗamara. Ni a ganina mai sarƙa ya fi mai ɗamarar roba daɗewa a nan, ko da ya fi nauyi. Tsanin igiya zalla kuwa, marar ƙarfe, yana lilo, yana murɗewa, saurayi mai ƙarfi ma da ƙyar yake sauka da shi. Ban ba kowa shawarar sa ba.

Wanda gidan nasa ne, zaɓina gare shi tsanin ƙarfe ne dasasshe a bango, aikin mai waldan garinmu. Ba ya bukatar a warware shi, ba ya lilo, ba ya tafiya aro, yaro yana iya bin sa. Amma ka tsaya a kan aikin da kanka. Matakai su zama rodi mai kauri, mai milimita 16 ko fiye, tazararsu ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kada ta wuce ƙafa ɗaya, domin a duhu ƙafa ce ke ƙirga mataki, ba ido ba. A bar sarari kamar inci 7 tsakaninsa da bango. Walda ta zagaye kowace mahaɗa, ba ɗigo biyu a shafe da fenti ba. A kama shi a jikin ginshiƙi ko bim na kankare, kada a jikin bulo mai rami, wanda ƙusa ke fita daga cikinsa da ɓarɓashi. Sama ya zarce bakin taga don a sami abin kamawa yayin juyowa. Mai tsoron a hau masa gida da shi, ya sa a yi shi gaɓa biyu: ta ƙasa tana naɗe a sama, sai wanda ke taga ya zare sakata ta faɗo. Ana gamawa, ƙato biyu su hau su yi tsalle a kai kafin a biya kuɗin aiki. Duk ƙarshen damina a duba tsatsa, duk shigowar hunturu a ɗiga mai a sakata da mahaɗar ƙarfen taga, don ƙura tana cushe su.

Wanda kuwa bai riga ya gama gini ba, ko benensa ya haura hawa biyu, ko makaranta ce, ko masauki, to tsani bai ishe shi ba. Ya yi matakala ta biyu a bayan gida, a buɗe, nesa da ta farko. Kuɗinta ba su kai na adon da ake yi wa fuskar gida ba.

Ga abin da ya fi damuna. Su wa ke kwana a sama? Mata da yara. Su wa ake shawara da su wajen walda da sayen kaya? Maza. Sai a yi taga, a kafa tsani, amma wadda za ta bi shi ba ta taɓa taka shi ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Fita ta taga da baya, ƙafa tana laluben mataki a sarari, abu ne mai ban tsoro ko da rana tsaka. A gwada da rana, maigida yana ƙasa yana riƙe. A fara hawa daga ƙasa, mataki uku, huɗu, a sauko, har jiki ya saba, sannan a gwada daga taga. Mai naɗewa kuma a koyi maƙala ƙugiyarsa a tagar ƙasa. Matanmu suna da abin da matan wasu ƙasashe ba su da shi: goyo. Jariri a baya, zane da majanyi sun ɗaure tam, hannu biyu sun sami 'yanci. Sai dai a gwada da filo a baya, a ga ko kafar tagar tana wuce uwa da goyonta ba tare da kan yaro ya bugi ƙarfe ba. Doguwar hijabi da babbar riga suna kama mataki, suna shiga ƙarƙashin ƙafa. A tattare su, a ɗaure a ƙugu. A sauka ɗaya bayan ɗaya, fuska na kallon bango. Babba ɗaya ya fara sauka ya tari yara, babba na ƙarshe ya biyo baya. Tsoho, da mai tsohon ciki, da majinyaci, da wanda ƙafarsa ba ta ɗaukar sa, babu tsanin da zai yi musu. Waɗannan a ba su ɗakin ƙasa, mafi kusa da ƙofa. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Kafin a buɗe taga, a rufe ƙofar ɗaki, a toshe ƙasanta da zane, in da ruwa a jiƙa shi. In ƙofa tana buɗe aka buɗe taga, iska ce aka yi wa wuta hanya, sai ta biyo matakala ta shigo ɗakin. Wanda ya farka ya ji ƙauri, ya taɓa ƙofa da bayan hannu kafin ya buɗe. In da zafi, kada ya buɗe. In hayaƙi ya shigo, a rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa. Wanda ya fita ya fita, ba a komawa ɗaukar kuɗi, ko sarƙa, ko takardun fili. A sa wuri guda a waje da kowa zai taru, don a ƙirga yara, kada uba ya koma cikin wuta neman yaron da tuni yana gidan maƙwabta. In abin ya zo babu tsani, daga bene mai hawa ɗaya, kada a yi tsalle daga tsaye. A jefa katifu ƙasa, mutum ya fita da ƙafa, ya rataya da hannu a bakin taga har jikinsa ya miƙe, sannan ya saki. Ya rage kusan mita 2 daga tsawon faɗuwar.

Duk wannan ga wanda ya farka ne. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake mannawa a silin, tana jin hayaƙi ta ɗau ƙara. Ɗaya a saman matakala, ɗaya a ƙasa. Ita ce ke ba mai barci mintunan da zai kai ga taga.

In ka kawo wannan magana a majalisa, amsar da ka fi ji ita ce, "Allah dai shi kiyaye." Amin. Amma addininmu bai bar mu a nan ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Mai shirin fita daga gobara bai yi wa gidansa mugun fata ba, umarni ya bi. Hunturu kuma shi ne lokacin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: iska ta bushe komai, kara da harawa sun cika gida, kasko yana ɗaki, hita tana cikin bokiti an manta da ita aka ɗauke wuta, a dawo da ita kowa na barci. Fetur da janareto da tukunyar gas su bar ƙarƙashin matakala. A gina musu ɗan ɗaki a gefe, a sa masa duk kwaɗon da ake so.

Unguwa ma tana da nata. A kowace unguwa mai bene, ya kamata a ce akwai dogon tsani ɗaya, da babbar guduma, da almakashin yanke ƙarfe, a ajiye a masallaci ko ƙofar gidan mai unguwa, inda matasa suka sani. Bulo mai rami yana saurin ba guduma hanya fiye da yadda rodi ke ba zarto, don haka in taga ta ƙi, a fasa bangon gefenta. Masu gida kuma su faɗa wa maƙwabta tun yau cewa ranar gobara babu "ba a shiga". Ceton rai yana gaba da kunya.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da hakimai da dagatai, da hukumar kashe gobara da ta tsara birane ta jiha: tun 2006 Najeriya take da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, lokaci ya yi da za a daina barin bene ya tashi da mafita ɗaya. A fara da ɗakunan kwanan ɗalibai da makarantun allo, a shiga a duba tagogi, a tambayi wanda ke riƙe da makulli da dare da inda yake kwana. Masu walda da magina, ku kuka fi kowa kusa da mai gini. Kafin ku dasa ƙarfe, ku ce masa, Alhaji, a bar guda mai buɗewa. Limamai, ku ba wannan magana minti biyar a huɗubar Juma'a kafin sanyi ya kankama.

Kai kuma maigida da ke saurare na, in gari ya waye ka hau ɗakin da 'ya'yanka ke kwana, ka zaɓi tagar, ka auna tsawonta zuwa ƙasa, ka kira mai walda a makon nan. Ke ma uwargida, kada ki jira a tuna. Ki tambaye shi yau ta ina za ku fita.